Tsutsa Biyu a Kwalba Ɗaya: Yadda Wata Ɗaliba Ta Warware Asalin Tsutsotsi Masu Ƙaya a Ka

Asalin lamarin

Ɗalibar tana karatun digiri na uku ne a fannin tsutsotsin da ke rayuwa a jikin kifi, kuma aikin da aka ba ta, a takarda, bai fi layi uku ba. Za ta tattara tsutsotsi masu ƙaya a ka daga hanjin kifin Barbus barbus na wani kogi a tsakiyar Turai, ta tabbatar da sunansu, ta karanta kundin gadon mitokondiriyarsu gaba ɗaya (wato DNA ɗin da ke cikin mitokondiriya, ɗan sashen ƙwayar halitta mai samar mata da kuzari), sannan ta nuna inda suka faɗa a bishiyar dangantakar irinsu. An yi mata kiyasin wata shida. Wata goma sha bakwai aikin ya ci.

Waɗannan tsutsotsi, da masana ke kira Acanthocephala, halittu ne masu ban mamaki. An bayyana nau'i kusan 1,300 daga cikinsu, an kasa su aji huɗu. Ba su da baki, ba su da hanji; ta fata suke tsotsar abincin da mai masaukinsu ya riga ya narkar. A gaban jikinsu akwai wani tsinin kai da ke shiga ciki ya fito kamar yatsan safar hannu, an jera masa ƙugiyoyi layi-layi, da shi tsutsar ke kafe kanta a bangon hanji. A masu zama a kifi, ƙwan tsutsar na fita da kashin kifi, ƙananan halittun ruwa dangin jatan lande irin su Gammarus su haɗiye shi, ya girma a cikinsu, kifi ya cinye su, zagaye ya rufe.

Wadda ake sa ran samu a wannan kifi ita ce Pomphorhynchus laevis, tsutsa mai launin ruwan lemo, tsawonta daga ƙasa da santimita 1 zuwa kusan 3. Tana da dogon wuya mai ƙululu a ƙarshensa, kuma ba ta tsayawa a saman hanji: hudawa take yi har ƙululun ya fita ta bayan bango, naman kifin ya zo ya lulluɓe shi. An san ta sosai, domin tana sauya halin Gammarus ya daina gudun haske har kifi ya kama shi cikin sauƙi, kuma an taɓa auna dalma a jikinta ta ninka ta tsokar kifin da take ciki har sau 2,700. Sai dai tana da 'yar'uwa, Pomphorhynchus tereticollis, wadda masani Rudolphi ya bayyana tun 1809, aka daɗe ana ɗaukarta a matsayin laevis ɗin dai, har 2011 da aka mayar mata da sunanta.

Wata na 1 da na 2: abin da madubi ya iya gani

A fitar farko, an feɗe kifin a bakin kogi, yamma tana yi, hannu yana sanyi. Ɗalibar ta riƙa cire tsutsotsin da hantsaki tana jefa su kai tsaye cikin fomalin, kamar yadda ta saba adana sauran samfura. Wasu kaɗan ta zuba a itanol, duk na kifi ɗaya a kwalba ɗaya.

Da ta koma ɗakin gwaje-gwaje ta ɗora su ƙarƙashin madubin ƙara girma, abu biyu ta tarar. Da yawa sun tsinke a wuya, kan ya yi zamansa a cikin hanjin da aka zubar. Waɗanda suka fito da kai kuwa, da yawansu sun janye tsinin ciki a daidai lokacin da sinadarin ya taɓa su, suka sandare a haka. Alhali duk abin da ke raba nau'in biyu yana jikin wannan tsini ne. A tereticollis, ƙugiya ta biyar ko ta shida a kowane layi ta fi sauran kauri a fili, ƙugiyoyin baya suna da ɗan tsiro a gindinsu, zoben ƙugiyoyi na ƙarshe kuma yana zaune a kan ƙululun. Laevis ba ta da waɗannan alamu. Ba a ganin ko ɗaya idan kan yana ciki.

'Yan kaɗan da suka buɗe sun yi kama da laevis. Ta rubuta sunan a kan dukkan kwalaben ta wuce.

Wata na 3 zuwa na 5: guntun gado ɗaya

Mataki na gaba shi ne tabbatar da sunan ta hanyar DNA. Abin da aka saba yi shi ne a ninka wani guntu na ƙwayar gadon mitokondiriya mai suna cox1, mai haruffa kusan 650, ta hanyar PCR, dabarar yi wa guntun DNA kwafi masu yawa, a karanta shi, a gwada da abin da ke GenBank, rumbun da masana ke ajiye jerin haruffan DNA.

Samfuran fomalin ba su ba da komai ba. Ta sauya zafin na'ura, ta ƙara yawan zagaye, ta sayo sabbin sinadarai. Farantin da ake duba sakamakon PCR a kai yana fitowa wayam. Fomalin yana ɗaure DNA da furotin, yana kuma kakkarya shi gutsi-gutsi, don haka babu dogon zaren da za a ninka. Mako biyar suka tafi kafin ta haƙura da su.

Ta koma ga na itanol. Da yake tsutsotsin ƙanana ne, kuma tana son DNA mai yawa wanda zai ishe ta har aikin gaba, sai ta niƙa guda biyar daga kwalba ɗaya a haɗe. Wannan karon PCR ya yi kyau, layi ɗaya tsaf a kan faranti. Amma da sakamakon karatun ya dawo, hoton ya zo a cakuɗe: a wurare da yawa, maimakon tsauni ɗaya mai launi ɗaya da ke nuna harafi ɗaya, tsaunuka biyu ne ɗaya bisa ɗaya. Ta zaci datti ne. Ta sake, haka. Malamin da ke duba aikinta ya kawo yiwuwar cewa wani tsohon kwafin cox1 ne da ya ɓata ya shige cikin DNA na cibiyar ƙwayar halitta, abin da ke faruwa a dabbobi da dama. Bayani ne mai ma'ana, kuma shi suka riƙe.

Ta yanke wuraren da suka fi tsabta ta nema a GenBank. Amsar ta ƙara dagula lissafi: jerin da suka fi kusa duk sunansu laevis, amma su kansu sun rabu gida biyu masu nisa da juna. Dalilin yana cikin tarihin sunan. Tun 2004 wani bincike a Faransa ya nuna cewa abin da ake kira laevis iri biyu ne, da bambancin kusan kashi 20 cikin 100 a cox1, to amma jerin da aka ajiye kafin a raba sunan sun shiga rumbun da tsohon suna. A Birtaniya da Ireland ma, tsutsar da aka shafe shekaru ana rubutu a kanta da sunan laevis, daga baya ta tabbata tereticollis ce.

Wata na 6 zuwa na 8: zobe biyu, babu nata

Suka yanke shawarar tsallake guntu su tafi ga kundin gaba ɗaya, da fatan yawan bayani zai share ruɗanin. DNA na mitokondiriya ɗan zobe ne rufaffe, ana gadonsa ta wajen uwa, kuma kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da kwafinsa masu yawa. Saboda haka ko an karanta DNA na dabba sama-sama a na'urar Illumina, gutsattsari masu haruffa 150 kowanne, na mitokondiriya sukan fito da yawan da za a iya harhaɗa zoben. Ta aika ragowar DNA ɗin tsutsotsi biyar ɗin nan.

A mako na biyu da dawowar bayanan, kwamfuta ta fitar da zobe cikakke, rufaffe, babu giɓi. Ɗalibar ta kwana da murna. Washegari ta duba shi da kyau: haruffa kusan 16,600, ƙwayoyin gado 37, goma sha uku masu gina furotin, har da wata mai suna atp8 da galibin waɗannan tsutsotsi ba su da ita, wasu kuma suna kan zare na biyu, alhali na tsutsotsin kan zare guda suke zama. Kundin farko da aka taɓa karantawa na irin waɗannan tsutsotsi, na Leptorhynchoides thecatus a 2005, haruffa 13,888 ne, kuma waɗanda suka biyo baya galibi a wannan kewayen suke. Zoben da ke gabanta na kifin ne. Naman hanjin da ya lulluɓe wuya da ƙululu ya shiga turmi tare da tsutsotsin.

Ta tace duk gutsattsarin kifi ta sake harhaɗawa. Abin da ya rage ya ƙi rufewa. Yakan tafi tiryan-tiryan na haruffa dubu biyu ko uku, sai ya rabu biyu kamar hanya a mararraba, ya sake haɗewa a wuraren da ba su cika sauyawa ba, musamman cikin ƙwayoyin gadon rRNA, wato na injin da ke harhaɗa furotin, ya sake rabuwa. Ta gwada manhaja uku. Ɗaya daga ciki, wadda ke farawa da ɗan guntu tana ƙara masa tsawo a hankali, ta ba ta zobe mai kusan haruffa 14,000, kuma a nan ne aikin ya fi kusa da faɗawa rami, domin zoben ya yi kyau a ido. Da ta mayar da gutsattsarin a kansa don ta ga ko sun zauna daidai, sai ta ga rabinsu sun yarda da shi a wani yanki, ɗaya rabin sun saɓa, a yanki na gaba kuma su yi musaya. Zoben ɗinki ne: wani sashe daga wannan halitta, wani daga waccan.

Tsohon kwafin da ya ɓata ba zai kawo kowace ƙwayar gado sau biyu ba, kowacce lafiyayya, ana karanta ta daga farko har ƙarshe babu karaya. Bayani ɗaya ne ya rage. Tsutsotsi biyar ɗin ba nau'i ɗaya ba ne.

Wata na 9 zuwa na 11: komawa kogi

Babu yadda za a raba abin da aka riga aka niƙa, kuma kawunan da za su ba da shaida sun tafi tare da shi. Dole aka jira izinin kamun kifi na gaba.

Wannan karon ta sauya komai tun daga bakin ruwa. Ba ta ja tsutsa ko ɗaya ba. Takan yanko ɗan yankin hanjin da tsutsar ke maƙale, ta kai ƙarƙashin madubi, ta riƙa ɓare naman da allura biyu har wuya da ƙululu da tsini su fito lafiya. Tsutsa guda takan ci mata minti ashirin. Daga nan sai ta saka ta da ranta cikin ruwa mai sanyi a firji ta kwana. Ruwan yana shiga jikinta, ta kumbura, matsin ya turo tsinin waje ya miƙe sarai, ƙugiyoyi a jere kamar haƙoran zarto. Dabara ce tsohuwa, tana cikin littattafan koyarwa, ba ta buƙatar komai sai haƙuri.

Sannan ta raba kowace tsutsa. Kai da wuya aka ɗora a kan gilashin madubi aka adana. Daga tsakiyar jiki, nesa da inda ya taɓa naman kifi, ta yanki ɗan guntu ta saka a itanol mai ƙarfin kashi 96, a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Gilashi da kwalba lamba ɗaya suke ɗauke da ita. Tsutsa ɗaya, kwalba ɗaya.

Sakamakon cox1 ya dawo fes, tsauni ɗaya a kowane gurbi. Jerin suka rabu gida biyu, kuma da ta ɗauko gilasan bisa lamba, kowane gida ya zo da irin ƙugiyarsa: masu kaurin ƙugiya a tsakiya da zobe a kan ƙululu a gefe guda, marasa su a ɗaya gefen. Akwai kifin da aka samu duka biyun a hanjinsa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai faɗin yatsa ba. Kama da wane ba ta wane.

Wata na 12 da na 13: karatun zoben

Ta zaɓi tsutsa ɗaya daga kowane gida ta aika. Kowacce ta ba da zobe ɗaya rufaffe, ɗan ƙasa da haruffa 14,000, gutsattsari sun zauna a kansa babu gardama.

Saura sanya wa kowane yanki suna. Manhajar da ke yin wannan da kanta ta gano manyan ƙwayoyin gado goma sha biyu masu gina furotin da rRNA biyu. Ba ta ga atp8 ba, kuma wannan ba kuskure ba ne, haka yake a galibin kundayen wannan rukuni. Inda ta gaza shi ne tRNA, ƙananan da ke ɗauko tubalan da ake gina furotin da su. Ana sa ran 22, ta kawo ƙasa da haka, wasu kuma ta ɗora su a tsakiyar wata ƙwayar gadon. A yawancin dabbobi tRNA yana naɗewa ne ya ba da siffa mai hannuwa huɗu, manhajar kuma wannan siffa take nema; a waɗannan tsutsotsi da yawa sun rasa hannu ɗaya, sun gajarce. Ɗalibar ta bi giɓin da ke tsakanin manyan ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya, tana gwadawa da na 'yan'uwansu da aka riga aka wallafa, tana zana naɗin da fensir. Ta ƙare da 36 a kowane zobe, dukkansu a kan zare guda, zaren kuma ya cika da haruffan T da G fiye da kima. Wannan karkata ta dawo ta dame ta a mataki na gaba.

Wata na 14 zuwa na 17: bishiya

Bishiyar farko ta gina ta ne da haruffan DNA kai tsaye, ta zuba dabbobi iri-iri don su zama ma'auni daga waje. Kwamfuta ta ɗauki tsutsotsinta ta manna su kusa da tsutsotsi masu jikin zare da masu faɗin jiki, da alkaluman tabbaci masu ƙarfi. Wanda bai san tarihin fannin ba zai karɓa, tunda a cikinsu ma akwai tsutsotsin ciki da yawa.

Amma wannan tarko sananne ne, Joseph Felsenstein ya bayyana shi tun 1978. Idan zuriya biyu suna sauya haruffansu da sauri, kowacce a kan hanyarta, to da yake haruffan huɗu ne kacal, za su riƙa dacewa a wurare da yawa bisa katari. Idan kuma dukansu sun karkata ga haruffa iri ɗaya, dacewar sai ta ƙaru. Lissafi ya ɗauki katari a matsayin gado, dogayen rassa su jawo juna. Ƙara yawan bayani ba ya magance wannan. Ƙara wa kuskuren ƙarfin gwiwa yake yi.

Hujjojin da ke wajen mitokondiriya sun daɗe da nuna wata hanya dabam. Tun 1996 nazarin 18S, wata ƙwayar gadon rRNA da ke cibiyar ƙwayar halitta, ya nuna cewa dangin waɗannan tsutsotsi na kusa su ne Rotifera, ƙananan halittun ruwa da galibi ba su kai milimita ɗaya ba, masu rawanin gashi a ka da ke kaɗawa kamar ƙafar keke. Fatar jikinsu iri ɗaya ce a ƙarƙashin madubi mai ƙarfi, shi ya sa ake haɗa su da sunan Syndermata. Bincike na 2014 a kan ɗaruruwan ƙwayoyin gado, da na 2016 a kan yadda ƙwayoyin gado suka jeru a zoben mitokondiriya, sun nuna cewa mafi kusa da su ƙaramin rukunin Seisonidea ne, masu zama a jikin wata halittar teku mai ɓawo da ake kira Nebalia. A 2025 kuma aka bayyana Juracanthocephalus, burbushin tsutsa mai shekara kusan miliyan 160 daga Daohugou a ƙasar Sin, mai ƙugiyoyi a ka amma da sauran muƙamuƙi irin na Rotifera.

Ta gyara abu uku, ɗaya bayan ɗaya, don ta ga aikin kowanne. Ta juya haruffan zuwa amino asid, tubalan furotin, waɗanda suke ashirin kuma ba sa saurin cikewa da katari. Rassan suka ɗan gajarta, amma mannuwar ba ta saki ba. Ta cire dabbobin nesa ta bar Rotifera kaɗai a matsayin ma'auni. A nan cikin bishiyar ya daidaita. Daga ƙarshe ta yi amfani da tsarin lissafi na CAT a manhajar PhyloBayes, wanda ke la'akari da cewa kowane gurbi a furotin yana da 'yan amino asid ɗin da yake karɓa. Wannan ya ɗauki makonni yana gudana. A gefe ta gina wata bishiyar da 18S da 'yar'uwarta 28S don ta sami shaida ta biyu da ba ta mitokondiriya ba.

Inda bishiyoyin biyu suka yarda, nan ta tsaya. Nau'inta biyu sun zauna tare a reshe ɗaya a matsayin 'yan jinsi guda, kowanne da rassansa dabam, cikin ajin Palaeacanthocephala. A cikin wannan aji, rukunin Echinorhynchida, wanda aka tara yawancin masu zama a kifi a ƙarƙashinsa, bai fito a matsayin zuriya ɗaya ba: Polymorphida, masu zama a tsuntsaye da dabbobin teku masu shayarwa, daga tsakiyarsu suka tsiro. Hakan ya dace da abin da wasu suka samu kafin ita. Rassan da suka riƙa sauya wuri duk lokacin da ta sauya lissafi, ta bar su a buɗe a zanenta, ba ta tilasta musu matsayi ba.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina, wata takwas na farko ba rashin kayan aiki ne ya cinye su ba. Yammacin nan ɗaya a bakin kogi ne ya cinye su. Fomalin ya kashe DNA, gaggawa ta tsinke kawuna, kuma sunan da aka rubuta a kan kwalba tun kafin a tabbatar da shi ya zama gaskiyar da kowa ke kare ta. Da tsaunuka biyu suka bayyana a wata na huɗu, amsar tana gabansu. An nemi bayani mai wuya ne saboda mai sauƙin ya saɓa wa abin da ke kan kwalba. Ban ga laifin ɗalibar ita kaɗai a nan ba. Haɗa ƙananan samfura don a sami DNA mai yawa abu ne da ake koyarwa, kuma yana aiki a inda nau'i ɗaya ne. A jinsin da aka san yana da 'yan'uwa masu kama, kuskure ne.

Kundin mitokondiriya ya yi abin da zai iya. Shi ya tona cewa halitta biyu ce a kwalbar, ya kuma ba da hoto mai kyau na dangantaka a cikin aji. Da aka tambaye shi abin da ya faru ɗaruruwan miliyoyin shekaru baya, ya amsa da ƙarfi kuma ya yi kuskure, domin duk ƙwayoyin gadonsa a ɗaure suke a zobe ɗaya, tarihi ɗaya suke bayarwa, da karkata iri ɗaya. Abin da ya fi tsorata ni a duk lamarin shi ne zoben ɗinkin nan na wata na takwas. Da ba ta mayar da gutsattsarin ta duba ba, da ya shiga GenBank da sunan laevis, wasu su ɗauka su gina nasu bishiyoyin a kansa.

Sunayen wannan jinsi ma ba su gama zama ba. A 2019 masu bincike a Ostiriya sun nuna cewa akwai nau'i na uku, Pomphorhynchus bosniacus, a ruwayen ƙasar, ciki har da kogin Danube, kuma tun da aka buɗe hanyar ruwan da aka haƙa ta haɗa Danube da kogin Main, mai kwarara cikin Rhine, a 1992 kifaye da ƙananan halittun ruwa na gabas suke kwararowa kogin Rhine da tsutsotsinsu. Saboda haka ɗalibar ta miƙa gilasan kawunan ga wani gidan adana samfuran halittu, ta kuma rubuta lambar kowane gilashi a jikin jerin da ta ajiye a rumbun, yadda duk wanda ya yi shakkar sunan zai iya neman gilashin ya ƙirga ƙugiyoyin da kansa.